Kafin a shafa fenti, a nuna mana ƙarfe

 Duk wanda ya san kasuwa ya san cewa ba a sayen buhun wake ko na shinkafa sai an huda an ga ƙwayar da ke ciki, kuma babu Hajiyar da za ta ƙirga kuɗin shadda ko atamfa a Babbar Kasuwar Yamai ba tare da ta warware ta murza da hannunta ba. Mai sayen rago a Turaku sai ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya taɓa gadon baya, sannan a shiga ciniki. Amma abin mamaki, ranar da mota ta yi karo, sai duk wannan wayo ya gudu. Mutumin da ba a iya cutarsa da dala biyar a kan tiyar gero, shi ne zai miƙa makullin motar miliyoyi ga wanda bai taɓa gani ba, ya ba shi rabin kuɗi a hannu, babu takarda, babu shaida, ya koma rumfa yana jiran a kira shi. Wannan shi ake kira cinikin biri a sama, kuma a kansa muke son mu yi magana yau.

A wurin mai albashi mota abin hawa ce, a wurin ɗan kasuwa kuwa jari ce. Ita ke ɗauko kaya daga Katako da Wadata zuwa unguwanni, ita ke kai mata kasuwar Baleyara ranar Lahadi da ta Bubon ranar Laraba, ita ke shigo da albasar Galmi da dankalin Bonkuku. Mata nawa ne suka haɗa kuɗin adashi na shekara da shekaru suka sayi taksi mai jan kai ko faba-faba suka ba direba, da abin da yake kawowa kullum ake cefane, ake biyan haya da kuɗin lakwal na yara? Idan irin wannan mota ta kwana wata biyu a garaji, tukunyar gida ce ta tsaya. Idan kuma aka yi mata gyaran ganin ido, to ranar da ta sake karo har da rayuka za a rasa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, fenti ba gyara ba ne. Mai gyaran jikin mota, wanda muka fi sani da toliye, ba a gane amanarsa da ƙyallin mota ranar da ya miƙo makulli, domin ko wanda bai iya komai ba yana iya sa mota ta yi ƙyalli na mako biyu. Da abu guda ake gane shi: shin zai yarda mai mota ya zo ya ga ƙarfen tsirara, bayan an gama bugu da walda, kafin a shafa mastik da fenti? Wanda ya yarda, a riƙe shi hannu biyu. Wanda ya fara kame-kame, a ɗauke mota tun da sauran rana.

Don a fahimci dalilin da ya sa muka kafe a kan haka, sai mun tuna irin motocin da muke hawa. Mafi yawansu sun gama ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka ko Japan kafin su iso mana. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2020, wanda ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 waɗannan wurare uku sun fitar da ƙananan motoci na hannu har miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Mu a nan, tun bayan karya darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da farashin kayan waje ya yi tashin gwauron zabi, sabuwar mota ta ƙara fin ƙarfin jama'a, aka raja'a ga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Shekara da shekaru daga can motoci suka riƙa biyo hanyar Malanbil da Gaya da Doso, tafiyar sama da kilomita 1000, su iso Yamai. Wasunsu sun riga sun yi haɗari a can inda suka fito, aka lallaɓa su aka sayar. Ke nan sau da yawa karon da mota ta yi a shataletalen Yamai ba shi ne na farko a rayuwarta ba.

Sannan ga tsadar kayan gyara. Bayan rufe iyakar Nijar da Benin a shekarar 2023, kaya masu yawa suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuɗin dako ya hau. Duk lokacin da fitila ko ƙofa ko murfin inji suka yi tsada, sai faci ya samu kasuwa. Abin da ya kamata a canja sai a daddake shi a cike da mastik, mai mota ya ji daɗin araha, mai gyara ya ji daɗin an rabu lafiya. Amma tun kaka da kakanni aka ce araha ba ta ado.

Mota kamar jikin mutum take, tana da fata tana da ƙashi. Fatar ita ce ƙofofi da murfin inji da ƙarfen da ke saman tayu, waɗanda in sun lotsa ana iya bugawa ko a canja ba tare da fargaba ba. Ƙashin kuwa shi ne shasi, da ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da inji. A manyan motoci irin su Hilux da Land Cruiser shasi daban yake, an ɗora jiki a kansa, amma a ƙananan motoci irin su Corolla da Starlet jiki da shasi abu guda ne, saboda haka bugun da ya shiga ta gaba yana iya karkatar da motar baki ɗaya. Masu ƙera motoci da gangan suke yin gaba da baya yadda za su lanƙwashe su shanye ƙarfin bugu, su kuma ƙarfafa ɗakin da mutane ke zaune a ciki. Gaban mota yana lalacewa ne don mutum ya tsira, kuma sau ɗaya ƙarfe yake yin wannan aiki da kyau.

A nan babbar ɓarna take. Hanya mafi sauri ta miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe ita ce a gasa shi da wutar walda har ya yi ja, a bi shi da guduma. Ido zai ga ya miƙe, amma wuta ta riga ta kashe ƙarfinsa, musamman a motocin zamani da ake yi da ƙarfe mara kauri mai tauri, wanda kamfanonin da suka ƙera su da kansu suke hana a gasa shi. Ƙwararre yana ɗaure motar ne ya ja ƙarfen a hankali da sarƙa da jak, yana awo yana sake awo, abin da ya karye ko ya naɗe kuma ya cire shi ya sa wani. Wanda aka gasa wa shasi ba zai sani ba sai ranar karo na biyu, lokacin da ƙarfen da ya kamata ya tare bugu zai naɗe kamar gwangwanin madara, inji ya shigo wa direba har gwiwa. Mafi muni su ne masu haɗa gaban wannan mota da bayan waccan, su yi walda a tsakiya su rufe da shimfiɗa. Irin wannan mota tana iya rabuwa biyu da mutane a ciki. Ban da haka, a jikin ƙashin ne aka buga lambar shasi, wadda a yawancin motoci haruffa da lambobi 17 ce, kuma ita ce ke rubuce a kart giriz. In aka yanke wurin ko aka shafe ta, mai mota ne zai yi bayani a gaban ƴan sanda da ma'aikatan duwan, toliye yana gidansa.

Mastik shi ma ba laifi ba ne in an yi shi bisa ƙa'ida. An yi shi ne don ya share ƴan ramukan da guduma ta bari, shafi mara kauri. Amma malalacin toliye ba ya wahalar da kansa da bugu, sai ya cika rami da mastik kamar mai yaɓen ɗaki. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ƙarfe yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, mastik mai kauri kuwa ba ya iya bin sa. A haɗa da gargadar hanyoyin jar ƙasa, kafin damina ta zagayo ya tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci ta ciki, musamman in ba a shafa maganin tsatsa a kan ƙarfen ba tun farko.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani ko kaɗan, wato jakar iskar nan da ke fitowa daga sitiyari lokacin haɗari. In ta fita sau ɗaya ta gama aiki, sai sabuwa, haka ma ɗamarar kujera da ta ƙulle a lokacin bugu. Da yake suna da tsada, wasu sukan cusa tsumma a ramin su liƙe murfin, su cire ƙwan fitilar da ke gargaɗi a gaban direba. Gane wannan ba wuya. In aka murɗa makulli, fitilar jakar iska tana kamawa na ƴan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. In ta kama ta ƙi mutuwa, akwai matsala. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanyoyin duniya kowace shekara, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Gudu da ganganci da lalacewar hanya su ke jawo haɗari, amma lafiyar ƙashin mota na daga cikin abin da ke raba wanda za a kai asibiti da wanda za a kai makwanci.

To, ta ina za a fara? Tun daga wurin da aka yi karon. Da zarar an ji ƙara, kafin ƙura ta lafa, an kewaye mai mota: wannan ya san garaji, wancan ƙanensa toliye ne, wani har ya kira motar ja. Da yawansu ƴan kamasho ne, kuma ladansu daga cikin kuɗin gyaran zai fito. Wasu kuma su ce a sasanta a nan, kada a kira ƴan sanda, wanda ya yi laifi zai kai motar wurin mai gyaransa. Sulhu alheri ne in ɓarnar ba ta wuce ƙujewar fenti ko fashewar fitila ba. Amma in bugu ya shiga, ku sani cewa mai gyaran wanda ya buge ku ba naku ba ne. Wanda zai biya shi yake wa aiki, kuma abin da mai biya ke nema shi ne araha.

Shi ya sa muke cewa a yi haƙuri a jira konsta, wato takardar da ƴan sanda a cikin gari, ko jandarmomi a hanyoyin karkara, ke rubutawa a kan yadda haɗari ya auku. A ɗauki hotuna da salula ta kowane gefe, har da lambar ɗaya motar da takardar asirans ɗinta. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar asirans ta CIMA, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde ranar 10 ga Yulin 1992, dokar kuma ta fara aiki a 1995. Abu uku a cikinta ya kamata kowane mai mota ya riƙe. Na ɗaya, asirans ɗin dole da ake nuna wa ƴan sanda a hanya ɓarnar da kuka yi wa wani take biya, ba ta gyara taku motar. In ku aka buga, kamfanin wanda ya buge ku ne ke da nauyin biya. In ku ke da laifi, gyaran taku daga aljihunku zai fito, sai in kun sayi asirans mai faɗi. Na biyu, akwai wa'adin sanar da kamfani, wanda doka ta ce kada ya gaza kwanaki 5 na aiki, saboda haka wanda ya je cikin kwana biyar ɗin farko ya rufe ƙofar gardama. Na uku, tun daga gyaran da aka yi wa dokar a 2011, wanda bai biya kuɗin asirans ba ba shi da kariya, ko da an yi masa alkawari da baki. Kuma duk gaggawar da ake ciki, kada a bari guduma ta taɓa mota kafin masanin da kamfani ke turowa ya zo ya ƙiyasta ɓarna. In an riga an buga an shafe, da me zai yi ƙiyasi? Sauri ya haifi nawa.

Sai zaɓen toliye. Kada ku tambaye shi ya nuna muku motar da ya gama jiya, ku ce ya nuna muku wadda ya gyara bara ko bara waccan, wadda ta sha rana ta sha damina biyu. Direbobin taksi da na tasha sun fi kowa sanin wannan, domin kullum suna cikin gogayya, kuma sun san wanda aikinsa ke jurewa da wanda aikinsa ke zubewa. A tambayi mutum uku waɗanda ba su da alaƙa da garajin. Sannan a je da ƙafa, gani ya kori ji. Garajin da kuka tarar da motoci jere sun yi ƙura, tayu sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu, ku tambaya me ya zaunar da su. Ku duba ko yana da abin awo da sarƙa da jak na jan ƙarfe, ko kuwa guduma da wuta kaɗai ya mallaka. Ku duba inda yake fenti, domin wanda ke fesa fenti a fili cikin ƙurar hunturu, yashi zai liƙa wa motarku.

Bayan an zaɓa, a rubuta. A sa a takarda abin da za a buga da abin da za a canja, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, da ranar da za a gama. A fayyace irin kayan da za a sa, domin iri uku ne a kasuwa: sabo na asali, sabo na kwaikwayo, da na kwance wanda aka ciro daga wata mota. Ƙofa ko murfin inji na kwance mai lafiya sau da yawa ya fi sabon kwaikwayo zama daidai, kuma ba abin kunya ba ne a sa shi, muddin an faɗa kuma kuɗinsa aka biya. Amma birki da ƙarafan sitiyari da ɗamarar kujera da gilashin gaba, ba a caca da su. Duk abin da aka ce an canja, a dawo da tsohon a hannu. Wannan sharaɗi kaɗai yana rufe ƙofar ƙarya da yawa.

Ranar ajiye mota a ƙirga abin da ke cikinta a gaban shaida: batir da sunansa, tayar safiya, jak, rediyo, yawan man da ke tanki, da kilomitar da allo ya nuna. A leƙa ƙarƙashi a ɗauki hoton tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake kira katalizar, domin akwai ƙarfe mai tsada a cikinta kuma ana sace ta a ko'ina cikin duniya. Kart giriz da sauran takardu kuwa a tafi da su gida.

Kuɗi kuma a biya kashi uku. Kafin alƙalami don sayen kaya, kuma in da hali a je sayen tare. Kashi na biyu ranar da aka zo aka ga ƙarfe tsirara. Na uku ranar karɓar mota. Wannan rana ta biyu ita ce zuciyar maganar baki ɗaya. A zo da bakaniken da aka yarda da shi, wanda ba na garajin ba. A auna tsakanin tayar gaba da ta baya a dama da hagu, dole awo ya zo ɗaya. A buɗe kowace ƙofa a rufe, a dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki ko ta daidaita daga sama har ƙasa. A dubi walda, ko ɗinki ne mai kyau ko ɗige-ɗige ne kamar kashin kaji. Hajiyar da ba ta iya barin rumfa, ta tura ɗanta ko ƙanenta ya ɗauko mata hoto, kada ta bar wa direba shi kaɗai, domin wani lokaci da shi ake raba rarar.

Ranar karɓa a je da rana tsaka, ba da magariba ba, domin duhu abokin mai ha'inci ne. A naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle a bi wurin da aka gyara: inda ya kama ƙarfe na kusa, inda ya saki mastik ya yi kauri. A watsa ruwa a kan gilashi da ƙofofi a ga ko yana shiga. A hau kwalta mai kyau a ji ko mota na ja gefe guda, ko sitiyari ya karkace, ko tana kaɗawa in an taka birki. Motar da ƙashinta ya karkace cin taya take ta gefe ɗaya, kuma kowa ya san kuɗin taya a yau. A ƙarshe a nemi alkawarin cewa in fenti ya tashi ko mastik ya tsage cikin watannin da aka yanka, zai sake aikin ba tare da ƙarin kuɗi ba. Mai gaskiya ba ya tsoron wannan alkawari.

Kada masu sana'a su ɗauka yaƙi muka zo yi da su. A Yamai akwai toliyoyi masu hannu da tsoron Allah, waɗanda ke yini cikin rana suna tayar da motar da a Turai da tuni an jefar da ita, suna kuma koya wa yara sana'a maimakon yawon banza. Su ma suna da kukansu. Akwai mai motar da zai matse farashi har ya zamana kuɗin da ya bayar ba ya sayen ko fenti mai kyau, sannan ya ce gobe yake son motarsa. Akwai mai karɓar mota ya ce zai aiko da ciko, sai a lahira. Akwai mai ajiye mota shekara guda ya tare wa mutum wuri. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda ya biya kuɗin faci kada ya jira aikin ƙwarai. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke bi, ta ba mai aiki damar riƙe kayan da ya yi wa aiki har a biya shi haƙƙinsa. Ke nan takardar da muke magana a kanta kariya ce ga ɓangarorin biyu.

Mun san wasu za su ce rubuta takarda rashin yarda ne, tsakanin Musulmi da ɗan uwansa baki ya isa. Amsarmu ita ce, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malaman Malikiyya kuma, kamar yadda ake karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid a zaurukanmu, sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bari a hannunsa ba a gaban mai su ba. To yaya za a san abin da aka bari in ba a ƙirga ba? Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ɗan lakwal ya rubuta masa, ko a naɗi maganar a salula a gaban mutum biyu. Rubutu ba ya ɓata zumunci, gardamar bayan wata uku ce ke ɓata shi.

Wasu kuma za su ce aikin ƙwarai sai mai kuɗi. Mu yi lissafi irin na kasuwa, don misali kawai. A ce taksi yana kawo jika 8 a rana. Toliye na farko ya nemi jika 150, na biyu ya nemi jika 220, aka bi na farko don a tsira da jika 70. Bayan wata shida mastik ya zube, mota na cin taya, aka koma garaji ta yi kwana 20. Jika 160 ke nan ta tafi a zaman banza, ban da kuɗin sabon gyara da na tayu. Ina ribar? In kuɗi bai kai ba, shawararmu ita ce a kashe shi a kan ƙashi da birki da fitilu, a shafa maganin tsatsa, a bar ado sai an samu. Mota mai ƙofa ja da jiki fari ba ta kashe kowa, amma mai ƙyalli da gasasshen shasi tana kisa.

Daga ƙarshe muna kira ga waɗanda abin ya rataya a wuyansu. Majalisar masu sana'o'in hannu ta Nijar, wato CMANI, tare da ƙungiyoyin masu garaji, su fito da rajistar toliyoyin da aka san mazauninsu da aikinsu, da takardar yarjejeniya mai sauƙi cikin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, da kuma kwamitin dattawan sana'a da zai riƙa sasanta rigima kafin ta kai komisariya. Asusun tallafa wa koyon sana'a na FAFPA da makarantu irin su Kalmaharo da Isa Beri su kai horo har cikin garaji, domin ƙarfen motocin yau ba irin na Fijo 504 ba ne da iyayen gidansu suka koya a kai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da masu binciken lafiyar motoci su sa ido a kan motocin haya da suka yi babban haɗari kafin su koma ɗaukar mutane. Kamfanonin asirans su gaggauta turo masu ƙiyasi da biyan haƙƙi, domin jan ƙafa ne ke tura mutane ga sulhun bakin hanya. Su kuma shugabannin ƴan kasuwa na Babbar Kasuwa da Katako da Wadata da Harobanda, da uwayen adashi, me zai hana su riƙe sunayen masu gyaran da aka gwada aka ga amanarsu? Mai gyaran da ya san cewa in ya cuci mace ɗaya kasuwa guda ya rasa, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗauko gwangwanin mastik.

Amma kafin hukuma ta motsa, makulli yana hannun mai mota. Kada a biya kashi na biyu sai an ga ƙarfe. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu da dukiyoyinmu a kan hanya, ya haɗa mu da masu amana, ya sa albarka a kasuwa, amin.